Yadda Layinmu Ya Ci Lambar Gamsuwa

Jama'a, yau da safe na zame a bakin famfon layinmu na faɗi da baya. Bokiti ya yi gabas, takalmina ɗaya ya yi yamma, matan da ke jiran ɗiba suka yi ta jera mini sannu suna danne dariya da bakin mayafi. Ban ji haushi ba. Wata goma sha huɗu wurin nan yana bushe ƙamas, har kaji sun mayar da gindin famfon wurin birgima, yau kuma a ce akwai taɓon da zai iya kayar da magidanci, ai ci gaba ne. Manyanmu da suka yi alkawarin za mu ji canji a jikinmu ba su yi ƙarya ba, ga shi ina jinsa a ƙuguna.

Yadda ruwan ya zo kuwa labari ne, kuma ba nawa ba ne. Na maƙwabcina ne mai wanki da guga, wanda duk layi ke kira Sitati saboda yadda yake sa riga ta tsaya da kanta. Ɗan siriri ne, hannuwansa sun yi fari sun yamutse don sabulu, shagonsa kuma gado ne daga mahaifinsa: teburin guga guda, dutsen guga na gawayi biyu, baho uku, da igiyoyin shanya da suka ratsa daga tagarsa zuwa katangata. Kowa a layin ya sha wuyar rashin ruwa, amma mu wanka da girki muke nema, shi kuwa sana'arsa ce gaba ɗaya. Kullum sai ya tura baro da jarkoki shida zuwa rijiyar burtsatse da ke bayan tashar mota, sawu uku kafin rana ta take. Ɗauraya huɗu da ya gada ta koma biyu, fararen kaya suka fara komawa ga masu su da ɗan duhu, masu su kuma suka fara wucewa ta gaban shagon suna duba waya kamar ba su gan shi ba. Ya faɗa mini da bakinsa cewa in aka ƙara 'yan watanni a haka, zai sayar da duwatsun gugar ya rufe ƙofa. Da ya faɗa sai ya juya ya hau hura gawayin da ya riga ya kama.

Wajen mita kuwa, layinmu bai taɓa haifar kamarsa ba. In ya zauna a bencin mai aski da yamma ya ɗauko ofishin ruwa, sai ya feɗe su daga mai gadi har mai kujerar da ke juyawa. Ya san ranar da famfon ya yi tarin ƙarshe. Ya san motoci nawa aka saya wa kwamitin binciken dalilin rashin ruwa, da ranar da kwamitin ya tafi ƙasar waje ya ga yadda ruwa yake. Takardar koke goma sha ɗaya na rubuta masa da hannuna, yana tsaye a kaina yana cewa in ƙara gishiri. Ko ɗaya ba a amsa ba, amma ina kyautata zaton an adana su wuri mai kyau.

Sai ga sanarwa a rediyo cewa Mai Girma Uban Ruwa da Duk Abin da Ke Gudana ya ba da umarni a bi layi layi a rubuta inda famfo ya ƙafe. Wanda ya shiga jerin, za a gyara masa. Wanda bai shiga ba kafin ƙarshen wata, sai wani jiƙon. Layi ya taru a shagon aski, ba a ko yi gardama ba aka ce Sitati ne bakinmu. Kwana uku yana haɗa jawabi. Ya gwada shi a kan mai aski, ya gwada a kaina, ya gwada a kan matarsa har ta ce in ya sake cewa "abu na bakwai" za ta tafi gidansu ta huta.

Ranar Talata wajen azahar jami'in ya iso, da fayil a hammata da takalmin da ya matse shi, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Duk wanda ya tambaya sai ya nuna masa shagon wanki. Sitati ya ɗago daga guga, shi dai abin da idonsa ya gani baƙo ne da rana ta dafa. Ya kaɗe kujera ya ja ta inuwa, ya shiga gida ya kwarfo ragowar ruwan sanyin da ke gindin randa, wanda matarsa ta tace ta ajiye don sha, ya kawo a kofi mai murfi. Jami'in ya shanye ya nemi ƙari, aka ƙaro masa. Ya dubi igiyoyin shanya cike da kaya suna ɗiga, ya buɗe fayil ya ɗan yi rubutu.

To, ku da kuke karanta wannan kun san yadda muke. Mutum ba ya tarar baƙo da kuka tun daga bakin ƙofa. Ko jiya aka sallamo ka daga asibiti, in aka ce yaya jiki, da sauƙi za ka ce. Sai an gama gaisuwa kaf, an yi ɗan shiru, baƙo ya ce "to", mai gida ya gyara murya, sannan a buɗe bakin buhu. Abin da aka faɗa kafin gyaran muryar nan ba rahoto ba ne, kowa ya sani, har jami'in ma ya sani in yana gidan surukansa.

"Yaya aiki?" in ji jami'in.

"Da godiya, ranka ya daɗe."

"Yaya unguwa?"

"Lafiya lau."

"Yaya ruwa?"

"Alhamdu lillahi."

"Ba dai wata matsala ko?"

"Babu komai, sai alheri."

Sitati ya ga biro yana motsi bayan kowace amsa, amma ya ɗauka kwanan wata ake rubutawa. Har ya ji mutumin ya burge shi, ya ce a ransa ashe har yanzu akwai ma'aikata masu tarbiyya da ke tsayawa su gaisa da talaka a tsanake. Jami'in ya miƙo takarda ya ce a sa hannu a nan, shaidar ya zo. Sitati ya sa. Sannan ya gyara zama, ya gyara murya, ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "To, ranka ya daɗe, abu na farko..."

Jami'in ya rufe fayil ya miƙe.

"Ai ban fara ba," in ji Sitati.

"Ka ma gama, malam. Tambaya huɗu ce, ka amsa duka. Ina da layi tara kafin la'asar."

Sitati ya bi shi har kwana da dutsen guga a hannu, yana zuba abu na farko da na biyu da na uku a guje. Jami'in, ba tare da ya rage sauri ba, ya bayyana masa cewa takardar gida biyu gare ta, na "eh" da na "a'a", an riga an cike, kuma da biro aka cike. Daga baya muka samu labarin abin da ya rubuta a ƙasa wajen ƙarin bayani: wakilin jama'a ya nuna cikakkiyar gamsuwa, jami'i ya ga ruwa da idonsa, ya sha kofi biyu mai sanyi, ya kuma ƙirga wankakkun kaya fiye da arba'in a kan igiya. In don gaskiya ne, babu ƙarya ko ɗaya a ciki, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Bayan mako guda aka liƙa jerin a bangon ofis. Mai aski ya je ya karanta daga sama zuwa ƙasa, ya sake daga ƙasa zuwa sama, babu mu. A gefe kuwa ga wata takarda mai ado da zanen ɗigon ruwa yana murmushi, tana taya layinmu murnar zama wanda ya fi kowane gamsuwa a faɗin gari, za a kuma ba wakilinsa lambar yabo a bainar jama'a.

Ba wanda ya zagi Sitati, da ma an zage shi da ya fi masa sauƙi. In ya iso benci sai a matsa masa a ce ga Sarkin Gamsuwa nan, a ba shi wuri. Matar mai kayan miya ta aiko a tambaye shi ko zai sam mata ɗan alherin nan da ya ce akwai, za ta wanke kwanuka. Matarsa kuwa magana ɗaya ta yi, tana kankare gindin randa: shekara guda yana yi mata lacca a kan ruwa, ranar da aka zo saurare sai ya ɗauki ruwan shanta ya ba da shaida a kansu. Kunya ta kama shi ƙwarai. Mutumin da ba ya rufe baki ya kwana biyu ba a ji muryarsa ba sai ƙarar baro.

Matarsa ce ta ba shi shawarar ya tafi ofishin da kansa, kuma wannan karon kada ya kuskura ya gaisa da kowa, ya faɗi abin da ya kai shi tun daga bakin ƙofa. Haka ya yi. Ya sa rigarsa mafi tsayuwa, ya hau bene, ya tarar da wata akawu tana ɓare gyaɗa a kan fayil, ya tsaya ƙiƙam ya ce, "Babu ruwa a layinmu."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Malam, tare muka kwana?"

Ya sha wa'azi na kusan rabin awa a kan ladabi, da yadda mutanen yanzu ke shigowa ofishin hukuma kamar sun shigo turken awaki. Da ta huce ta nemo takardarsa ta nuna masa sa hannunsa, ta tambaye shi ko na wani ne. Ta ce an rufe karɓar koke tare da jerin, mai ikon gyara rahoto shi ne wanda ya rubuta shi, shi kuwa an tura shi kwas saboda ƙwazon da ya nuna a wannan aikin. Sai dai ta ba shi katin gayyata, ta ce Mai Girma da kansa zai miƙa lambar, za a kuma ba shi lasifika ya yi magana. Sitati ya sauko bene yana juya katin, a nan dabara ta faɗo masa. Tun da an ce za a ba shi lasifika, zai faɗa wa mai abin a gaban kowa.

Ranar taro muka raka shi mu shida. Zaure ne babba, an jera ruwan roba a kan kowane tebur, wanda in aka juye a baho zai ɗauraye kayan layinmu na mako. Aka yi jawabin maraba, aka yi jawabin godiya ga wanda ya yi jawabin maraba. Sannan aka fara kiran masu ba da shaida. Ni da nake can baya na lura da yadda abin yake tafiya: kowa ya hau sai ya fara da irin azabar da suka sha a da, ya ja ta ya ja ta har mata su fara share ido, sannan ya ce "amma da zuwan Mai Girma", sai tafi ya ɓarke a saki kiɗa. Mutum uku suka yi haka, kamar tela ɗaya ya yanka su. Sitati bai ga ko ɗaya ba. Yana layin gaba kansa a sunkuye, leɓɓansa na motsi, yana bitar abu na farko zuwa na bakwai. Na yi ta ɗaga masa hannu, wani mai tsaro ya ce in zauna.

Aka kira shi. Ya riƙe lasifika da hannu biyu, ya dubi Mai Girma ido cikin ido, abin da ban taɓa zaton zai iya ba.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "wata goma sha huɗu ko ɗigo bai fito a famfonmu ba. Ni mai wanki ne. Sawu uku nake yi da baro kullum, bayana ya ƙage, in na sunkuya sai na dafa bango nake miƙewa. Shagon nan ubana ya bar mini, ina ji ina gani yana mutuwa a hannuna."

Wallahi ban taɓa jin ya yi magana mai kyau irin ta ranar ba. Ya manta da lissafin abu na kaza, ya faɗi abin da ke cikinsa kawai. Zaure ya yi tsit. Wata mata a teburin manya ta ciro hankici. Mai Girma yana girgiza kai a hankali cikin tausayi, irin na wanda ake ba labarin wata ƙasa mai nisa. Sitati ya tsaya ya ja numfashi, kuma wannan tsayawar ce mai gabatarwa yake jira. Ya zare lasifikar daga hannunsa cikin ladabi.

"Kun ji da kunnenku irin wuyar da bayin Allah suka sha a da! Yau kuwa, wannan bawan Allah shi ne wakilin layin da ya fi kowa gamsuwa!"

Tafi ya tashi, kiɗa ya tashi. Ina hango bakin Sitati yana cewa ba a da ba, yanzu, yau ɗin nan, amma bakin da babu lasifika a zaure irin wannan motsi kawai yake yi. Aka danƙa masa allon yabo mai gilashi, aka juya shi ya fuskanci masu hoto. Mai Girma, da abin ya taɓa shi sosai, ya rungume shi, ya karɓi lasifika ya ce bai taɓa jin shaidar da ta ratsa shi haka ba. Don haka ranar Alhamis mai zuwa zai zo layin da kansa, tare da manyan baƙinsa daga ƙasashen waje, su sha daga wannan famfo mai albarka.

Na waiwaya na dubi teburin ma'aikatan ofishin ruwa. Suna tafi, amma fuskokinsu kamar na wanda ya tuna ya bar tukunya a wuta.

Washegari da sassafe ƙarar injin haƙa ta tashe mu. Motoci uku, injiniya mai hular kwano, ma'aikata fiye da ashirin, bututu sababbi fil da ba mu san gari yana da su ba. Aikin da takarda goma sha ɗaya ba ta motsa ba, aka yi shi cikin kwana biyu da rabi, har da shafa wa famfon shuɗin fenti. Ranar Laraba da hantsi ya yi tari sau biyu, ya tofar da jar ƙasa, sannan ya saki ruwa da ƙarfin da ya fizge bokiti daga hannun mai aski. Ranar Alhamis muka share layi muka jira har la'asar. Mai Girma bai samu zuwa ba, wani muhimmin taro ya riƙe shi, ya aiko wakilin wakilinsa ya wanke hannu ya tafi. Amma ruwan ya zauna, don ba wanda ya tuna ya ba da umarnin a rufe.

Sitati ya koma ɗauraya huɗu. Na gan shi ya ɗaga wata farar riga yana duba ta a rana yana dariya shi kaɗai, daɗi ya cika shi har ba ya iya ɓoyewa. Masu duba waya suka dawo da ƙullin kayansu. Sunan Sarkin Gamsuwa bai bar shi ba, sai dai yanzu da girmamawa ake faɗa, matarsa ma ta goge allon yabon ta rataye a falo.

Kwana uku ana haka, sai muka fara ganin baƙin fuskoki a layin ɗiba. Mutanen layin bayanmu ne, waɗanda da ma ruwa ke zo musu sau biyu a mako. Ashe ma'aikatan ba wani sabon ruwa suka kawo ba. Sun je mahaɗa ne suka toshe na can suka karkato shi nan. Su kuwa mutanen can, wani tsohon malamin makaranta ne ya amsa musu tambayoyin, mutumin da ya san takarda, bai ba jami'i ko kujera ba, ya ce ruwa ba ya isa. An sa su a jerin yadda ya kamata, suna lamba ta sittin da uku.

Cikin masu jiran har da yayar Sitati, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, tsohuwa mai ciwon gwiwa, tana zaune a kan bokitinta da ta kife. Ya fito da kaya a kafaɗa ya gan ta, ya tsaya cak.

"Yaya, me ya fito da ke?"

"An ce ƙanena ya ci lambar ruwa," ta ce, "na zo in ga ko za a sam mini."

Ba da faɗa ta faɗa ba, har da ɗan murmushinta. Ya ajiye kayan mutane a ƙasa, abin da bai taɓa yi ba, ya karɓi bokitin ya cika ya ɗora a kai ya bi ta a baya har gida. Tun ranar, kafin ya taɓa wankin kowa sai ya kai mata jarka huɗu, ya kai wa maƙwabciyarta mai jego biyu. Allon yabon kuma ya sauke shi ya tura ƙarƙashin gado.

Jiya ya shigo wurina ya zauna. Na ce masa na riga na wasa biro, takarda ta goma sha biyu za ta ƙone hannun duk wanda ya buɗe ta, zan kuma buga ta a wannan fili da nake rubutu kowa ya gani. Ya girgiza kai.

"Kada ka yi kuka, malam. Lamba ta sittin da uku aka ba masu kuka. Yaba musu za ka yi."

To, ga shi na yi. Ina sanar da Mai Girma Uban Ruwa da Duk Abin da Ke Gudana cewa layin da ke bayan namu ya fi mu gamsuwa nesa ba kusa ba. Ruwa ya yi musu yawa har sun rasa inda za su zuba, tsofaffinsu ma fitowa suke da bokiti su zaga unguwa don motsa jiki. Babban abin da zai faranta musu rai shi ne Mai Girma ya sa rana, ya faɗe ta a lasifika, ya ce zai zo da baƙinsa su kurɓa. Ba sai ya zo ba, ranka ya daɗe, faɗar ta wadatar.

Wannan kuma a kunne nake faɗa: in masu hular kwano sun fito neman inda za su toshe, a nuna musu unguwar nan da ake shayar da ciyawa safe da yamma. Na gaisa da masu gadin can, sun ce lafiya lau.